BABI NA UKU: Tarihin Bangon Mujallun Mata da Rukunin Masu Karanta Su a Samaru da Sabon Garin Zariya

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar mujalla da abin da ya bambanta ta da jarida. Wannan babi kuwa zai tsaya ne a kan bango, wato shafin nan na waje wanda idon mai saye ke fara cin karo da shi tun kafin ya kai hannu aljihu. Manufa a nan ita ce a bi diddigin yadda masu buga mujallu suka riƙa tsara bango domin jawo wani rukuni na mata, da yadda wannan tsari ya karɓu ko ya gamu da cikas a Samaru da Sabon Garin Zariya, tun daga zamanin Turawan mulkin mallaka har zuwa bayyanar wayar hannu.

Masana a ƙasashen Turai sun daɗe da lura da muhimmancin bango. McCracken (1993) ta ɗauki bango a matsayin babbar tallar da mujalla ke yi wa kanta, domin shi ke gaya wa mai karatu cewa wannan kaya nata ne, kuma shi ke gaya wa kamfanoni masu ba da talla irin matan da za su iske a ciki. Kafin ita, Ferguson (1980) ta nazarci fuskokin da ake ɗorawa a bangon mujallun matan Ingila, har ta karkasa su gwargwadon irin murmushi da kallon da macen ke yi. Waɗannan ra'ayoyi suna da amfani, amma an gina su ne a kan al'ummar da mace ke fita da kanta ta tsaya gaban kanti ta zaɓi abin da take so. Kamar yadda za a gani, a ƙasar Zazzau ba kullum ne mai saye ke zama mai karatu ba, kuma wannan shi ne ƙashin bayan bayanin da zai biyo.

3.1 Samaru da Sabon Gari a Matsayin Kasuwar Karatu

Ko da yake Samaru da Sabon Gari suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, asalinsu ya sha bamban. Sabon Gari ɗan layin dogo ne. Bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, sai Turawa suka keɓe wuri a wajen ganuwa domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa waɗanda akasarinsu daga Kudu suka zo. Daga baya Hausawa baƙi daga wasu garuruwa suka cika unguwar, har ta zama matattarar Yarabawa da Ibo da Nufawa da Hausawa. A nan ne Hajiya Gambo Sawaba (1933 zuwa 2001) ta tashi, ta kuma jagoranci matan jam'iyyar NEPU. Saboda tashar jirgi da kantunan Turawa, duk wata takarda da aka buga a Legas a Sabon Gari take fara sauka.

Samaru kuwa 'yar makaranta ce. An kafa tashar binciken aikin gona a wurin a 1922, sa'an nan aka zo da kwalejin fasaha da kimiyya a shekarun 1950, wadda ita ce ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. Ke nan Samaru ta tara ɗalibai mata da malamai da matan malamai, 'yan ƙasa da baƙi, waɗanda suka iya Turanci kuma suke da ɗan abin sayen takarda. A wannan jami'a ne aka yi taron 1982 wanda ya haifar da ƙungiyar Women in Nigeria. Idan aka haɗa waɗannan wurare biyu da Birnin Zazzau da Tudun Wada, inda auren kulle ya fi ƙarfi, za a ga cewa mai teburin jarida a Zariya yana fuskantar mata iri-iri a cikin tazarar da ba ta wuce tafiyar bas ɗaya ba.

3.2 Zamanin da Babu Fuskar Mace

Karatun mata a ƙasar Hausa ya girmi boko. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta tsara jajis da 'yan taru waɗanda ke kai waƙoƙin ilimi ga matan ƙauyuka. Sai dai rubutun ajami na wancan zamani ba shi da bango a ma'anar da ake nufi a nan. Takardu ne warwatse da ake adanawa cikin gafaka, kuma darajarsu tana ga sunan malamin da ya wallafa su da wanda ya karantar da su. Ba a bukatar hoto domin a jawo mai karatu, hasali ma zana surar mai rai abu ne da malamai da yawa ke ƙyama. Wannan ƙyama ba ta gushe ba bayan zuwan maɗaba'a, kuma tana daga cikin abubuwan da kowane mai tsara bango a Arewa ya yi ta kokawa da su.

Zariya ce cibiyar ɗab'in Hausar boko. A nan Hukumar Talifi ta zauna a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar da Idon Matambayi, sa'an nan Jiki Magayi. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Hukumar NORLA ta biyo baya a shekarun 1950 domin tallafa wa shirin Yaƙi da Jahilci, ta fitar da ƙananan jaridun larduna irin su Bazazzaga ta Zariya da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Sodangi ta Kano, kafin a rushe ta a 1959. Duk marubutan gasar 1933 maza ne, kuma mai karatun da ake hange a wannan zamani shi ne malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan ajin yaƙi da jahilci. Shafin farko na waɗannan takardu labarin Gwamna ne da sarakuna da yaƙi da farashin gyaɗa da auduga. Wani abin lura shi ne, daga cikin takardun da aka buga a Zariya da sassauƙar Hausa akwai mai suna Jakadiya. A fada, jakadiya ita ce macen da ke da izinin shiga cikin gida ta isar da saƙo inda namiji ba ya shiga. Sunan kaɗai ya nuna an fahimci cewa takarda tana iya ƙetare zaure, amma ba a kai ga tunanin sanya fuskar mace a waje domin a sayar da ita ba. Dalili kuwa a fili yake: gwamnati ce ke ɗaukar nauyin bugu, ba ciniki ake nema ba, saboda haka babu bukatar bango ya yi kiran kasuwa.

3.3 Mujallun Kudu da na Ƙetare

Fuskar mace a bango daga waje ta shigo Zariya. Mujallar Drum, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 1951 kuma ta riƙa fitar da bugu na musamman domin Nijeriya, ta shahara da ɗora hoton kyakkyawar budurwa a bango. To amma Drum ba mujallar mata ba ce. Budurwar da ke bangonta an sanya ta ne domin idon akawu da ɗan makaranta, ko da yake filin ba da shawara kan soyayya da ke ciki ya jawo mata masu yawa. Wannan ya nuna cewa ganin mace a bango bai isa hujjar cewa mata ake nufi ba. Abin dubawa shi ne irin kallon da take yi, da suturarta, da kanun labaran da aka jera a gefenta.

A shekarun 1960 kamfanin Daily Times na Legas ya fito da Woman's World, wadda ita kam mata ta nufa kai tsaye. Macen da irin wannan mujalla ke kira ita ce malamar makaranta da nas da sakatariya, matar aure mai albashi wadda ke son sanin yayin ɗinki da girki da renon yara da zaman gida. A Zariya irin wannan mace tana Sabon Gari da Wusasa da gidajen ma'aikatan jami'a a Samaru. Bahaushiyar cikin Birni ba ta cikin lissafi, ba don komai ba sai don harshen Turanci ne, kuma matar da ke bango, da kanta a buɗe ko da gashin kanti, ba ta yi kama da kowa a gidansu ba.

Daga ƙarshen shekarun 1980 kasuwar Legas ta rarrabu sosai, kowace mujalla ta kama nata rukuni. Quality da Classique, waɗanda marigayiya May Ellen Ezekiel ta yi wa aiki, ta farko a matsayin edita ta biyu a matsayin mai ita, sun nufi mace mai aiki a birni wadda ke sha'awar labarin fitattun mutane. Hints kuwa, ta Ibe Kachikwu, 'yan mata ta nufa, kuma bangonta cike yake da kanun labaran soyayya da yaudara da nadama, waɗanda aka rubuta kamar wata ce ke tona asirin kanta. Irin wannan ita ce ta fi dacewa da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a Samaru da Kongo, inda kwafi ɗaya ke zagaya ɗakuna har ya yage. A 1996 Dele Momodu ya kafa Ovation, wadda ta mayar da bango wurin baje kolin bukukuwan masu hali. A wannan tsakani ne kuma fuskar matar Arewa ta fara yawaita a bangon mujallun ƙasa, ta hanyar matan shugabanni. Maryam Babangida, wadda ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, ta zama abar kwaikwayo ta fuskar ɗaurin kallabi da ɗinkin atamfa, har teloli suka riƙa ajiye hotunanta domin masu kawo ɗinki.

Akwai kuma wata hanya ta biyu wadda masu nazari kan manta da ita, wato ta gabas. Finafinan Indiya sun kama zukatan Hausawa tun shekarun 1960, kuma tare da su aka riƙa shigo da hotunan taurari da mujallu irin su Filmfare da Stardust. Mai sayen waɗannan sau da yawa bai damu da rubutun ciki ba, hoton yake so ya manna a ɗaki ko a shago. Macen Indiya da sari da lulluɓi da kunya a fuska ta fi kusa da abin da Bahaushe ya sani fiye da baturiya ko 'yar Legas, kuma Larkin (1997) ya yi bayanin wannan kusanci dalla-dalla. Alhazai da ɗaliban da suka yi karatu a ƙasashen Larabawa su ma sukan dawo da mujallu irin su Sayidaty, wadda aka fara bugawa a 1981. A Jamhuriyar Nijar kuwa, Amina, wadda aka kafa a Dakar a 1972, ita ce ta riƙe matan da suka yi karatun Faransanci a Maraɗi da Damagaram da Yamai. A ɓangaren addini, ƙungiyar FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 ta fitar da The Muslim Woman, wadda ba ta dogara ga kyan fuska ba, domin masu karanta ta 'yan ƙungiya ne da aka riga aka sani, ba masu wucewa ta gaban tebur ba.

3.4 Mai Saye, Mai Karatu da Mai Tsaron Zaure

A nan ne ya kamata a dakata a duba abin da ya bambanta kasuwar Zariya da wadda McCracken da Ferguson suka nazarta. Teburin mai jarida, ko a bakin babbar ƙofar jami'a ne ko a kasuwar Sabon Gari ko a tashar mota, wurin maza ne. Su ke tsayawa su karanta kanun labarai kyauta, su yi gardamar siyasa da ƙwallo. Ɗalibar jami'a tana iya kutsawa ta miƙa kuɗi ta karɓi abin da take so, haka ma matar da ke da shago a Sabon Gari. Amma matar kulle ba ta da wannan dama. Ita sai dai ta aiki yaro ko ƙanwa, ko ta roƙi maigida ya taho mata da ita, ko ta ara a wurin maƙwabciya, ko dillaliya ta shigo mata da ita tare da turare da atamfa.

Ma'anar wannan ita ce, bango ɗaya yana da alƙalai uku. Dole ya burge wadda za ta karanta, dole kada ya kunyata wanda zai riƙe shi a hannu ya ratsa unguwa, dole kuma ya tsallake idon maigida ko uba ko malamin makaranta. Bangon da ya ci jarrabawar farko ya faɗi ta uku, to ƙarshensa murhu ko ƙarƙashin katifa. Shi ya sa al'adar naɗe littafi da takardar kalanda ko tsohuwar jarida ta yaɗu a tsakanin 'yan matan sakandare, wasu ma sukan cire bangon gaba ɗaya. Abin mamaki ne a ce ɓangaren da mai bugu ya fi kashe wa kuɗi shi ne ɓangaren da mai karatu ke fara ɓoyewa, amma haka abin yake. Mai bugun da ya san kasuwarsa yakan nemi tsaka-tsaki: fuska kyakkyawa amma da ɗankwali, ado amma da mayafi, kallo mai jan hankali amma ba na rashin kunya ba.

Sa'an nan akwai batun kuɗi. Mujallar mata a ko'ina cikin duniya da talla take rayuwa, ba da kuɗin sayarwa kaɗai ba. Kamfanonin man shafawa da sabulu da madara da sinadarin miya suna Legas, kuma wakilansu na talla da Turanci suke aiki. A idonsu matar da ke karanta Hausa kaɗai ba ta da kuɗin kashewa, alhali kuwa ita ce ke sana'a a cikin gida, take adashi, take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Wannan kuskuren lissafi na masu talla yana daga cikin dalilan da suka sa mujallar mata ta Hausa zalla ba ta kafu da ƙarfi ba, ko da yawan mata masu karatu ya ƙaru bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara dagula lamarin, domin darajar naira ta faɗi, takarda da tawada da ake shigowa da su suka yi tsada, bugu mai launi ya zama sai mai ƙarfi.

3.5 Littattafan Soyayya a Gurbin Mujalla

Gurbin da mujalla ta bari, littafi ne ya cike shi. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 bayan wata gasa da ya shirya, kuma shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausar boko. Da manyan kamfanoni suka ja baya saboda tsadar bugu, sai marubuta suka shiga buga wa kansu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma ta fito da Allura Cikin Ruwa a 1994. Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a kansa a jaridu tsakaninsa da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu.

Ana iya cewa littafi ba mujalla ba ne, saboda haka bai kamata a sanya shi a wannan babi ba. Amma idan aka dubi yadda ake sarrafa shi, za a ga aikin mujalla yake yi. Siriri ne, yana fitowa kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, mai karatu tana jiran fitowa ta gaba kamar yadda ake jiran mujallar wata. A shafukan farko da na ƙarshe akwai gaishe-gaishe da godiya da tallar littattafai masu zuwa. Batutuwansa su ne na mujallar mata: auren dole, kishi, uwar miji, saki, karatun 'ya mace, gyaran jiki da girki. Daga Kano ake sarin sa a kawo kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, inda masu shaguna ke sayarwa ko su ba da haya.

Bangon waɗannan littattafai na farko zanen hannu ne, da launi ɗaya ko biyu, saboda shi ne mai araha. Akan zana saurayi da budurwa, a bar tazara a tsakaninsu, a ƙara fure ko zuciya ko mota ko gidan bene. Motar da benen suna da aiki, domin su ke shaida wa budurwa cewa labarin na masu hali ne, irin rayuwar da take mafarki. Zane yana da wata fa'ida kuma: macen da aka zana ba 'yar kowa ba ce, babu dangin da za su ce an tozarta su. Da kwamfuta ta shigo harkar ɗab'i a ƙarshen shekarun 1990, sai hoto ya maye gurbin zane, aka riƙa ɗauko fuskokin taurarin Indiya da matan Larabawa masu hijabi, daga baya kuma 'yan wasan Hausa. A nan ma dabarar ɗaya ce, wato a sami kyakkyawar fuska wadda ba ta da uba a unguwa. Sunan littafi shi ma wani ɓangare ne na kiran kasuwa. Sunan da ya ƙunshi so ko ƙauna ko zuciya budurwa yake kira, wanda ya ƙunshi kishiya ko alhaki ko haƙuri kuwa matar aure yake kira, kuma shi ya fi sauƙin wucewa ta zaure domin yana kama da wa'azi.

3.6 Mujallun Fim da Fuskar Bahaushiya

Canji mafi girma ya zo ne tare da finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda ake lissafa farkonsu daga Turmin Danya na 1990. A 1998 Sunusi Shehu ya fito da mujallar Tauraruwa a Kano, wadda ta kwaikwayi tsarin Stardust, kuma a cikinta ne aka fara amfani da kalmar Kannywood a 1999. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a Kaduna, wasu irin su Mumtaz da Bidiyo suka biyo baya. A karo na farko sai ga mujalla mai launi, da harshen Hausa, ɗauke da hoton Bahaushiya ta gaske wadda aka san sunanta da garinsu. 'Yan wasa irin su Fati Mohammed, wadda ta yi fice a fim ɗin Sangaya, suka zama fuskokin da ake gani a kowane tebur daga Kwangila har Samaru.

Waɗannan mujallu ba su kira kansu mujallun mata ba, amma bangonsu ya haɗa rukunan da a da suke rarrabe. Saurayi yana saye domin hoto, budurwa domin ɗinki da labarin wa zai auri wa, matar aure domin ta san mutanen da take kallo a bidiyo a cikin ɗakinta. Kanun labarai sun fi karkata ga aure da mutuwar aure da tuba da amsa zargi, wato batutuwan da ake tattaunawa a gidan biki. Ɗalibar jami'a da ke karanta Hints da matar kulle a Birni, waɗanda a da babu takardar da ta haɗa su, sai ga su suna karanta abu ɗaya.

Sai dai abin da zane ya kauce wa, hoto ya faɗa cikinsa. Wannan bunƙasa ta zo daidai da ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara a 1999 da Kano a 2000, da kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Suturar 'yar wasa a bango ta zama abin muhawara a masallatai da gidajen rediyo. Edita yana ɗaukar hoton da zai sayar da mujalla, amma yarinyar da ke cikin hoton ita ke ɗaukar zagin, wani lokaci har ya shafi aurenta. A 2007 lamarin ya kai matuƙa: gwamnatin Kano ta ƙona wasu littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, sa'an nan wani abin kunya da ya shafi wata 'yar wasa ya sa hukumar tacewa ta tsananta wa masu fim da marubuta. Zariya tana Jihar Kaduna, dokar Kano ba ta hau kanta ba, amma tun da kayan daga Kano ake sarin su, abin da aka tace a can shi ke isowa nan. Daga wannan lokaci mayafi da hijabi suka ƙara yawa a bangon littattafai, wasu marubuta ma suka koma ga hoton fure ko gini ko rubutu zalla.

3.7 Takarda Mai Sheƙi da Fuskar Waya

A shekarun 2000 wani rukuni ya bayyana wanda a da ba shi da takardar kansa, wato matan Arewa masu ilimin boko mai zurfi da muƙamai da dukiya. Mujallar Tozali ta Maimuna Yaya Abubakar, da Tambari wadda kamfanin Media Trust ya riƙa sakawa cikin jaridarsa ta ranar Lahadi, su suka nufi wannan rukuni. Sunayensu na Hausa ne, amma rubutun ciki Turanci ne. Macen da ke bangonsu ba 'yar wasa ba ce, likita ce ko lauya ko 'yar kasuwa ko matar wani babba, ta sha leshi da gwal da lalle, kanta a rufe. Saƙon da bangon ke isarwa shi ne ana iya haɗa boko da aure da mutunci. Irin wannan bango yana shiga gidajen malaman jami'a a Samaru ba tare da an naɗe shi da kalanda ba, kuma masu talla sun yarda da shi, domin sun ga mai kuɗi a cikinsa. Amma zaɓen Turanci ya sake barin mafi yawan matan Birni da Tudun Wada a waje, kamar yadda Woman's World ta bar kakanninsu.

Ko a ƙasashen Turai an ɗauki lokaci kafin a faɗaɗa irin fuskar da ake yarda da ita. Sai a 1974 baƙar mace, Beverly Johnson, ta fara hawa bangon Vogue ta Amurka, kuma sai a 2018 mace mai hijabi, Halima Aden, ta bayyana a bangon Vogue ta Ingila. A can ana ganin sanya hijabi a bango ƙarfin hali ne, a Zariya kuwa cire shi ne ke bukatar ƙarfin hali.

Shigowar wayar hannu a 2001, da yaɗuwar intanet a kanta bayan shekara goma ko fiye, sun taɓa ginshiƙin da aka bayyana a sashe na 3.4. Marubuta mata suka koma sakin labaransu kashi-kashi a Facebook da WhatsApp da Wattpad, mai karatu ta biya ta hanyar banki ko katin waya, labarin ya iso mata har gado. Babu yaron aike, babu teburin maza, babu zauren da za a ratsa da takarda a hannu. Bango ya koma ɗan hoton da ake haɗawa a waya a liƙa a saman labari, kuma alƙalinsa ɗaya ne, ita mai karatun. Masu hayar littattafai a kasuwar Sabon Gari da Samaru sun ragu, da yawa daga cikin mujallun fim na farkon shekarun 2000 sun daina fitowa a takarda, maigida da malami kuma suka mayar da tambayarsu daga abin da ke cikin jaka zuwa abin da ke cikin waya.